Idan ping ya amsa, shin ingancin netwok ya tabbata ke nan?

Mai Cibiya, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki na wannan zaure. Ina kula da wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a nan Bauchi mai ɗakuna uku, kowane ɗaki da suwic ɗinsa, wato na'urar da wayoyin kwamfutocin ɗakin suke haɗuwa a jikinta, dukkansu kuma suna haɗuwa a babban suwic ɗin da sabar, wato kwamfutar da sauran suke karɓar shafukan jarrabawa daga gare ta, take jone da shi. Idan ɗakunan babu kowa, duk kwamfutar da na zauna a kai na yi wa sabar ping, wato na aika mata ɗan saƙon gwaji in ga ko za ta amsa, amsa tana dawowa cikin ƙasa da milisakan 1, kuma babu fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, da ke ɓacewa. Amma da zarar ɗalibai sun cika aka ba da umarnin farawa, sai shafukan tambayoyi su riƙa tsayawa a ɗaki na uku, alhali sauran ɗakuna biyun suna tafiya daidai. Wanda ya ja mana wayoyin ya ce tunda ping yana amsawa, laifin na manhaja ne. Hankalina bai kwanta da wannan bayani ba. Ina roƙon masana su bayyana mana abin da ake aunawa idan ana son gwada ingancin netwok a kan suwic, da kuma inda ya kamata mutum ya fara.

Injiniya Ɗan Azare:
Wa alaikumus salam. Malam, kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Tun da Mike Muuss ya rubuta manhajar ping a shekarar 1983, babbar tambayar da take amsawa ita ce ko akwai hanya tsakanin na'urori biyu, da tsawon lokacin da ƙaramin saƙo yake ɗauka ya je ya dawo. A kan Windows, idan ba ka canja komai ba, fakiti 4 kawai take turawa, kowanne ɗauke da bayit 32, da tazarar kusan daƙiƙa guda a tsakaninsu. Wayar da ta kusa lalacewa ma za ta iya wucewa da wannan ɗan kaya ba tare da ta nuna gazawarta ba.

Inganci kuwa abubuwa huɗu ne ake dubawa tare. Akwai jinkiri, wato lokacin da fakiti yake ɗauka kafin ya isa. Akwai tangal-tangal ɗin jinkirin, domin idan wannan fakiti ya iso cikin milisakan 2, na bayansa ya iso cikin 40, na uku kuma cikin 5, matsakaicinsu zai fito da kyau a takarda alhali murya da bidiyo sun riga sun yanke. Akwai asarar fakiti, wadda ake lissafawa kashi cikin ɗari. Sannan akwai ainihin yawan bayanan da hanyar take iya wucewa da su a daƙiƙa, wanda sau da yawa ba shi ne adadin da aka rubuta a jikin kwalin na'urar ba. Sharaɗin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne a auna su a lokacin da netwok ɗin yake ɗauke da kaya, domin awon da aka yi a ɗakin da babu kowa bai faɗi komai ba a kan ranar jarrabawa.

Ɗalibi daga Yelwa:
Ranka ya daɗe Injiniya, ina neman ƙarin haske. A wurin da nake koyon aiki, idan ana zargin wani suwic, adireshin suwic ɗin kansa muke yi wa ping. Wani lokaci sai mu ga amsa ta haura milisakan 30 ko ta ɓace gaba ɗaya, amma kwamfutocin da ke jikinsa suna aikinsu babu koke. Yaya za a fassara wannan?

Injiniya Ɗan Azare:
Ƙanena, wannan tambaya ta taɓa tushen maganar. A cikin suwic akwai ɓangare biyu masu aiki daban. Akwai guntun lantarki na musamman da aka ƙera domin tura firem, wato fakiti a siffar da yake bin waya, daga ƙofa zuwa ƙofa, wato ramukan da ake soka wayoyi, shi ne yake ɗaukar kayan jama'a, kuma yana gama aikinsa cikin ƴan mikrosakan. Akwai kuma ƙaramar furosesa mai kula da saiti, da shigar mai gudanarwa, da ƙa'idojin da suwic-suwic suke fahimtar juna da su. Ping ɗin da ka aika wa adireshin suwic wannan furosesa ce take amsa shi, kuma masu ƙera na'urorin da gangan suke ajiye irin wannan saƙo a ƙarshen layi, har su iyakance yawansa, domin kada wani ya danne furosesar da shi. Kamar ka gai da jami'in da ke ba da hannu a shataletale ne da rana tsaka: jinkirin da ya yi kafin ya amsa gaisuwarka ba ya nuna cewa motoci sun tsaya. Saboda haka idan kana son sanin halin da kayan jama'a suke ciki, sai gwajinka ya ratsa suwic ɗin, ya shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata zuwa kwamfuta ko saba, ba ya tsaya a kansa ba.

Dattijo na Kumo:
Allah ya saka wa Injiniya da alheri, bayaninsa babu kuskure. Sai dai ni ina da ra'ayi daban a kan inda za a fara. Kafin a tura fakitin gwaji ko ɗaya, suwic ɗin da ake iya shiga cikinsa ya riga ya rubuta tarihin kowace ƙofa, mu ne ba ma karantawa. Malam Mai Cibiya, ka shiga suwic ɗin ɗaki na uku ka duba ƙofar da take hawa zuwa babban suwic. Da farko ka ga gudun da ɓangarorin biyu suka daidaita a kai. Gigabit a kan tagulla yana bukatar dukkan tagwayen wayoyi huɗun da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa tagwaye biyu sun ishe shi, don haka idan zare ɗaya ya tsinke ko bai kama da kyau a bakin kebul ɗin da ake kira RJ45 ba, na'urori da yawa sai su sauko zuwa 100 shiru, fitila tana ci, ping yana amsawa, amma ɗaki guda ya koma yana bi ta kashi ɗaya cikin goma na hanyar da aka tsara masa.

Bayan haka ka duba ƙididdigar kurakuran CRC, wato lissafin da suwic yake yi ya gane ko firem ya iso yadda aka aiko shi. Idan tana ƙaruwa, firem suna isowa a gurɓace, kuma galibi laifin waya ne, ko kan waya, ko kebul ɗin da aka ja kusa da wayar wuta, ko wanda ya wuce mita 100 da ƙa'ida ta yarda. Idan kuma ka ga ƙididdigar karon firem da juna a kan waya, irin wanda ake kira makararre, a ɓangare ɗaya, kurakurai kuma a ɗaya ɓangaren, to mai yiwuwa wani ya ƙulle ƙofa ɗaya da hannu a kan aikawa da karɓa lokaci guda, ɗayar kuma ta koma yin su bi da bi. Ka share ƙididdigar kafin ɗalibai su shiga, ka sake karantawa bayan sun fita, domin adadin da ya taru tun ranar da aka kunna na'urar ba zai gaya maka yaushe abin ya faru ba.

Wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kebul ɗin alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, wanda ya cika kasuwanninmu saboda arha. Yana saurin karyewa, wutar lantarki ba ta wucewa a cikinsa da sauƙi kamar a tagulla zalla, kuma idan aka ɗora masa kyamara ko na'urar Wi-Fi mai shan wuta ta cikin kebul, matsalar sai ta ninku. Ka kankare bakin zaren da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ka san abin da aka sayar maka. A ganina mafi yawan abin da muke kira matsalar netwok a Gombe da Bauchi a nan yake ƙarewa.

Malama Maman Hanifa, Tumfure:
Baba, ina tare da kai a kan waya, amma ina so in ƙara wata ƙididdiga guda da ba ta da alaƙa da lalacewar komai, wato firem ɗin da suwic ya zubar da kansa a ƙofar fita saboda wurin jira ya cika. A cibiyar jarrabawa wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin kowa yana danna maɓalli ne a lokaci guda. Mu yi lissafi. Ƙofar gigabit 1 tana fitar da kilobayit 125 a kowane milisakan. Idan kwamfutoci 10, kowacce a kan gigabit, suka turo kaya tare zuwa wannan ƙofa guda, kilobayit 1,250 ne yake shigowa a milisakan ɗin, 125 kawai yake fita. Ko da suwic ɗin zai ba wannan ƙofa ma'ajiyar jira ta megabayit 2 gaba ɗaya, kafin milisakan 2 ta cika, abin da ya biyo baya kuma sai a zubar. Abin da yake ruɗar mutane shi ne jadawalin amfani da ƙofa, wanda a suwic ɗin Cisco, alal misali, matsakaicin minti 5 yake nunawa idan ba a canja ba. Ambaliyar milisakan biyu ba za ta bayyana a matsakaicin minti biyar ba, sai ka ga ƙofa tana nuna ɗan amfani kaɗan alhali tana zubar da kaya. Ita kuma TCP, ƙa'idar da shafukan suke bi su iso kwamfuta, idan ta ga asara sai ta rage gudu ta sake aikawa, wani lokaci ta jira ƙarewar wa'adi kafin ta sake, wannan jiran ne ɗalibi yake gani a matsayin shafin da ya tsaya.

Game da gwajin ɗaukar kaya, ni manhajar iperf3 nake amfani da ita, kyauta ce. Ka sa kwamfuta ɗaya kusa da saba ta zama mai karɓa, wata a ɗakin da ake zargi ta zama mai aikawa. A kan hanyar gigabit mai lafiya za ka ga kusan megabit 940, saboda bayanan adireshi da sarrafawa da Ethernet da IP da TCP suke ɗora wa kowane fakiti suna cin ragowar. Idan ka ga kusan 94, to maganar Baba ta tabbata. Ka kuma juya gwajin da -R, domin hanya tana iya yin kyau a tafiya ta gaza a dawowa.

Injiniya Ɗan Azare:
Na yarda da Baba cewa a fara da ƙididdigar ƙofa, ita ce mafi sauƙi kuma ba ta ƙara wa netwok nauyi. Inda ban bi shi ba shi ne tsayawa a nan. Ƙididdiga tana ba ka labarin ƙofa ɗaya ne, ba ta ba ka labarin tafiyar fakiti daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba ta san jinkiri ko tangal-tangal ba sam. Dalilin da ya sa manyan kamfanoni suka gina gwaji a cikin na'urorinsu ke nan: Huawei da H3C suna kiran nasu NQA, Cisco tana da IP SLA, Juniper kuma RPM. Tunanin duk ɗaya ne. Suwic ɗaya yana zama mai gwaji, ya riƙa ƙirƙirar fakiti na jabu a kan jadawali yana aikawa, yana rubuta sakamako. Wasu gwaje-gwajen, kamar na ICMP, wato irin saƙon ping, ko na DNS ko na HTTP, ba sa bukatar a shirya komai na musamman a ɗaya gefen, muddin abin da ake gwadawa yana amsawa. Gwajin tangal-tangal na UDP kuwa sai an kunna mai amsawa a ɗaya na'urar, wanda zai buga hatimin lokacin da fakiti ya shigo da lokacin da ya fita, domin a cire ɗan zaman da ya yi a hannun furosesa. Da wannan ake rage matsalar da ƙanenmu na Yelwa ya kawo. A IP SLA, idan ba ka canja saiti ba, wannan gwaji yana tura fakiti 10 da tazarar milisakan 20, ya maimaita bayan kowace daƙiƙa 60. Tazarar milisakan 20 ɗin ta yi daidai da yadda kiran waya ta intanet yake yawan yanka murya, fakiti 50 a daƙiƙa.

Amfaninsa babba shi ne yana aiki dare da rana ko kana barci. Idan aka kira ka aka ce jiya da la'asar komai ya tsaya, kana da abin dubawa maimakon zato. Kuma ana iya ɗaura sakamakon da hanyar fita, ta yadda idan layin kamfanin intanet na farko ya daina amsawa, na'urar ta koma na biyu da kanta, ko da fitilar ƙofar farkon tana ci.

Dattijo na Kumo:
Injiniya, ban musa ba, amma ka duba da wa muke magana. Makarantu da asibitoci da shagunan da muke yi wa aiki, da yawansu suwic ɗin da ba a shiga cikinsa suke saye, wanda ba shi da NQA ba shi da ƙididdiga ma. Me za mu ce wa mai irin wannan?

Injiniya Ɗan Azare:
Baba, sai mu ce masa kwamfutoci biyu sun ishe shi farawa. Ya yi ping mai tsawo da babban fakiti, misali ping -n 1000 -l 1472 -f a kan Windows, domin 1472 idan aka haɗa da bayit 8 na ICMP da 20 na IP ya cika 1500 daidai, kuma babban firem ya fi saurin fallasa waya marar lafiya. Fakiti dubu ne za su iya nuna asarar kashi 1 cikin ɗari, wadda fakiti huɗu ba za su nuna ba sai da sa'a. Ya bar wannan yana tafiya, ya kunna iperf3 a gefe, ya ga yadda jinkirin ya canja da kaya suka hau. Sannan mu ba shi shawara cewa ko da kuɗinsa bai kai ya canja duka ba, babban suwic na tsakiya ya zama wanda ake shiga cikinsa, domin duk kayan gidan ta nan suke bi.

Mai Cibiya, Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba kamar yadda Baba ya ce, ƙofar da ke hawa daga ɗaki na uku a kan megabit 100 take, sauran biyun a kan gigabit, kuma ƙididdigar zubarwa da Malama ta ambata tana da yawa a ƙofar babban suwic da ke kallon wannan ɗaki. An sake matse kan wayar, ta koma gigabit. Zan share ƙididdiga in sa ido a zama na gaba. Wani abokina ya ce in nemi a yi mini gwajin RFC 2544 domin in samu takardar shaida. Shin wannan ya dace da irin wurina?

Malama Maman Hanifa, Tumfure:
Malam, ka yi hattara da wannan shawara. RFC 2544 takarda ce da hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 1999 domin gwada na'ura a ɗakin gwaji, ita kaɗai, babu mai amfani da ita. Ana cika ta da firem masu girma daban-daban, daga bayit 64 har zuwa 1518, ana neman mafi girman gudun da za ta ɗauka ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba. Ƙananan firem ɗin su ne jarrabawa mai tsanani, domin firem mai bayit 64 idan aka haɗa shi da bayit 8 na share fage da 12 na tazara ya zama 84, wato bit 672, don haka ƙofar gigabit guda tana iya kawo firem 1,488,095 a daƙiƙa. Daga nan ne ake samun adadin firem kusan miliyan 35.7 a daƙiƙa da kake gani a takardar suwic mai ƙofa 24. Tunda gwajin da gangan yake cika hanya har ta gaza, IETF ta fitar da wata takarda, RFC 6815, a 2012 tana gargaɗin kada a yi shi a netwok ɗin da jama'a suke aiki a kai. Idan layi ka saya daga kamfani kana son tabbatar da cewa an ba ka abin da ka biya kafin ka sa hannu, ƙa'idar Y.1564 ta ITU-T, sashen tsara ƙa'idoji na hukumar sadarwa ta duniya, ce aka tsara domin wannan. Wurinka kuwa, gwajin ɗaukar kaya a ranar da babu jarrabawa, da sa ido marar nauyi a ranar jarrabawa, sun wadatar.

Ɗalibi daga Yelwa:
Malama, to idan mun auna, da me za mu kwatanta? Nawa ne jinkirin da za a ce ya yi yawa?

Malama Maman Hanifa, Tumfure:
Ya danganta da abin da ke bin hanyar da kuma nisanta. Ga murya, shawarar ITU-T G.114 ita ce jinkirin tafiya ɗaya, daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro, kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi daidai, kuma abin da ya haura 400 ba a yarda da shi ba a tsarin netwok. Masu tsara kiran waya ta intanet sukan nemi tangal-tangal ya tsaya ƙasa da milisakan 30, asara kuma ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Amma kada ka ɗauki waɗannan ka auna cikin gini da su. Firem mai bayit 1500 yana ɗaukar mikrosakan 12 ne kawai ya fita ta ƙofar gigabit, haske kuma a cikin faiba yana cin kilomita guda cikin kusan mikrosakan 5. Saboda haka a cikin harabar makaranta ɗaya, ta waya, milisakan 20 ma alama ce ta cunkoso, ko da yake ya yi ƙasa da 150 nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake amfani da tauraron ɗan'adam mai tsayuwa a nisan kilomita 35,786 zai ga kusan rabin daƙiƙa ko fiye a zuwa da dawowa, kuma babu saitin suwic da zai rage wannan. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su auna wurin a ranar da komai yake lafiya, su rubuta su ajiye, domin da wannan adadi za a kwatanta ranar da aka kawo ƙara.

Dattijo na Kumo:
Wannan magana ta ajiye awon ranar lafiya ta fi amfani a kan faiba. Na'urar SFP, wato ƙaramin abin da ake sokawa a suwic a jona faiba a jikinsa, idan mai iya ba da rahoto ce, tana nuna ƙarfin hasken da take karɓa, kuma idan hunturu ya shigo, ƙurar da ke shiga bakin faibar da aka bari babu murfi tana rage wannan haske a hankali, har kurakuran CRC su fara bayyana kafin layin ya faɗi. Wanda bai rubuta adadin ranar da aka haɗa ba, ba zai san an yi asarar komai ba. Haka kuma zafin bazara a ɗakin da babu iska, suwic yana nuna zafin jikinsa da halin fankarsa, a riƙa dubawa.

Injiniya Ɗan Azare:
Ƙari ɗaya ga ƙanenmu, tunda Malama ta ambaci jinkirin tafiya ɗaya. Kada ka raba sakamakon ping biyu ka ce ka same shi, domin hanyar zuwa da ta dawowa ba lallai su zama ɗaya ba, kuma cunkoso yakan kasance a gefe guda. Auna tafiya ɗaya yana bukatar agogon na'urorin biyu su daidaita ta NTP, ƙa'idar daidaita agogo ta netwok, ko abin da ya fi shi, in ba haka ba bambancin agogon ne za ka karanta a matsayin jinkiri. A wurarenmu da ake yawan ɗauke wuta wannan yana da muhimmanci, domin wasu suwic-suwic ba su da batirin riƙe agogo, duk sanda suka tashi sai su koma wata tsohuwar rana har sai sun sami sabar lokaci. Idan na'urorinka na kamfanoni daban-daban ne, NQA ba za ta amsa wa IP SLA gwajin tangal-tangal ba, sai ka duba ko dukkansu suna da TWAMP, ƙa'idar da ke cikin RFC 5357 ta 2008, wadda aka yi domin kowane kamfani ya iya bi. Kuma idan murya kake son gwadawa, ka sa wa fakitin gwajin alamar fifiko ta DSCP 46 irin wadda muryar take ɗauka, domin ya bi layin jiran da ita take bi a cikin suwic ɗin.